Hoton da Ya Fita Ranar Ambaliya

Shekara uku ke nan Ummussalma tana magana da mutum dubu goma sha huɗu kusan kullum, amma da wuya a samu goma a cikinsu da suka san sunanta. Ita ce jami'ar hulɗa da jama'a ta Haɗakar Manoman Bakin Kogi, wata ƙungiyar manoman shinkafa da masunta da ke da ofis a saman wani shagon taki, kusa da kasuwar Haɗeja. Shafin ƙungiyar na Fesbuk yana hannunta, haka ma lambar Wasaf ɗin da manoma ke turo tambayoyinsu. In iri ya iso, ita ke sanarwa. In tsuntsaye jan-baki sun sauka a wata fadama, ita ke faɗakar da maƙwabta. Masu rubuto mata kuwa da "Malam" suke farawa, don ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa mace ce ke zaune bayan shafin.

Ba 'yar garin ba ce. Iyayenta mutanen bakin tafkin Cadi ne, tashin hankali ya koro su zuwa Maiduguri tun tana makarantar sakandare. Can mahaifinta Mala ya rasu, can ta bar mahaifiyarta da ƙannenta lokacin da ta samu wannan aiki. A Haɗeja ɗaki ɗaya ta kama a gidan wani tsohon malamin makaranta da ya koma Kano wajen 'ya'yansa. Sauran masu hayar gidan fatake ne, su yi kwana biyu su yi tafiyar sati uku. Sau da yawa in ta dawo daga aiki, ƙarar makullinta kaɗai ke tarbarta.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ja'afaru, mutum ne mai son a gan shi. Tun ranar da ta fara aiki ya kafa mata doka.

"Malama, rubutu naki ne, ban hana ki ba. Amma duk saƙon muryar da zai fita daga lambar ƙungiya, muryata ce. Mutanen ƙauye da muryar da suka sani suke yarda."

Haka aka yi ta tafiya. Ta rubuta a takarda, ya karanta a waya, ta yanke inda ya yi tari ko tuntuɓen harshe, ta tura. In an yaba, a ce Alhaji ya iya magana.

A cikin masu turo saƙo akwai wata tsohuwa, 'Yar'azumi, daga wani ƙauye da ake kira Garin Kawu, can cikin fadama. Tana bandar kifi, tana da 'yar gonar shinkafa da mijinta ya bar mata. Ba ta karatu, don haka murya take turowa, kuma ba ta san gajeriyar magana ba. Ta fara da tambayar ranar rabon taki, kafin ta gama ta shiga labarin gwiwarta da ke ciwo, da akuyarta mai cin tsumma, da yadda ciyawar kacala ta toshe hanyar da kwalekwale ke bi zuwa kasuwa. Wani saƙon minti shida, wani tara. Ummussalma ba ta da izinin amsa mata da baki, rubutu kuma ba zai yi amfani ba. Sai ta tura mata ɗaya daga cikin gajerun muryoyin Alhaji da ta ajiye: "Mun ji, Allah ya yi albarka." Tsohuwar ba ta taɓa ƙorafi ba. Gobe ma za ta sake turowa.

Ummussalma takan ajiye saƙon har azahar. In sakataren ƙungiya Khalid ya sauka masallaci da sauran maza, ofis ya yi tsit, sai ta buɗe kwanon abincinta ta kunna. Wani lokaci ta yi dariya ita kaɗai. Wani lokaci ta amsa a fili, "Kai, Iya, wannan akuya taki sai addu'a," alhali ta san ba mai jin ta.

Daminar wannan shekarar shinkafa ta yi kyau ƙwarai. Ranar wata Litinin a watan Agusta suka je Garin Kawu da Alhaji ɗaukar hoto. Ya tsaya a tsakiyar gona, babbar riga fara tas, shinkafa koriya shar har gwiwarsa, yana murmushi. Ummussalma ta so ta tambayi gidan 'Yar'azumi, amma Alhaji yana sauri, direba ya riga ya tada mota. Ranar Laraba ya tafi taro Abuja. Kafin ya tafi ya ce hoton ya fita ranar Juma'a da safe, lokacin da mutane suka fi duba waya. Ta rubuta a ƙarƙashinsa: "Bana shekarar arziki ce a Garin Kawu. Alhamdu lillahi." Ta sa masa rana da lokaci a cikin manhajar, yadda zai fita da kansa ko ba ta kusa, kamar yadda ta saba yi.

Da yammar wannan Larabar zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta sha maganin da ke ɗakin, ta rufa da zane biyu tana karkarwa. Ba wuta a unguwar tun farkon sati, wayarta ta mutu ba ta ma sani ba. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, tana jin ruwan sama yana dukan kwano, tana tashi da rarrafe ta ɗebi ruwa a bokiti ta koma. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ranar Asabar da hantsi ta iya miƙewa. Ta lallaɓa zuwa shagon caji da ke bakin titi, ta zauna a benci tana jira. Wayar na kunnuwa ta fara rawa a hannunta, ta ƙi tsayawa. Kira arba'in da bakwai. Saƙonni ba iyaka.

Ranar Alhamis bayan la'asar jingar da ke tare wa Garin Kawu ruwan kogi ta ɓalle. Kogi ya shiga gonaki, ya shiga gari, mutane suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Washegari da ƙarfe takwas na safe, lokacin da suke zaune a kan tudu suna kallon rufin gidajensu a cikin ruwa, hoton Alhaji ya fita yana murmushi.

Ta karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsa. "Ku ji tsoron Allah." "Wannan gonar da kuke nunawa, yanzu kwalekwale ke wucewa ta kanta." "Mai kula da shafin nan ba shi da uwa a ƙauye ne?" Wasu sun ɗauki hoton sun haɗa shi da na garin a nutse, suna ta yaɗawa. Sama da mutum ɗari shida suka yi magana, ba ɗaya mai daɗi.

Tana cikin karantawa kiran Alhaji ya shigo.

"Ina kika shiga? Kwana biyu ana yaga mini riga a duniya!"

"Ranka ya daɗe, ba ni da lafiya ne. Wayata ta..."

"Ki saurare ni. Ki goge shi yanzu. Ki rubuta cewa kutse aka yi mana, wasu marasa son ci gaban ƙungiya suka shiga shafin. Kin ji ko?"

"Alhaji, kowa ya ga kai ne a hoton. Kuma mutanen garin sun gan mu ranar Litinin."

"Ni na ɗauke ki aiki ko su? Ki yi abin da na ce."

Ya kashe. Ba a jima ba Khalid ya kira, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, don Allah ki yi yadda ya ce, mu samu lafiya. Kwana biyu za a yi a manta." Bai tambayi jikinta ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ta goge hoton. Ta rubuta maganar kutsen, jimla uku, ta gyara ta ta yi kyau, don ta iya aikinta. Kafin ta tura sai idonta ya kai kan sunan 'Yar'azumi. Saƙo uku, duk na ranar Alhamis. Ta kara wayar a kunne.

A na farko tsohuwar tana cewa ruwa ya kai bakin jinga, maza suna ta cika buhu da ƙasa, a faɗa wa Alhaji a turo ƙarin buhuna. A na biyu ana jin ihu a bayanta, tana cewa, "To, ya fa shigo. Ya shigo." Na uku daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Numfashi, ƙarar ruwa, sai ta ce, "Kuna ji na kuwa?" Daga nan babu komai.

Ummussalma ta kira lambar sau biyar, a kashe. Ta daɗe zaune a bencin, mai shago yana satar kallonta. Sannan ta share jimlolin nan uku, ta karɓi aron batirin caji a wajensa, ta nufi tasha.

Motar haya ta kai su inda ruwa ya yanke hanya. Daga nan sai kwalekwale, ana ratsa kacala da ta fi mutum tsayi, ana kauce wa kan bishiyoyi. Inda suka tsaya da Alhaji ranar Litinin ba ta iya gane shi ba, ruwa ne ja har iyakar gani. An tara mutanen Garin Kawu a wata makarantar firamare da ke kan tudu. Azuzuwa shida, mutum ya fi ɗari huɗu, ga awaki ɗaure a jikin tagogi, ga tukwane a kan duwatsu.

Wani dattijo dogo mai suna Yunusa, wanda shi ke tsara zaman wurin, ya tare ta ganin waya a hannunta.

"Daga ina?"

"Daga Haɗakar Manoma, Baba."

Fuskarsa ta canza. "Au, ku ne masu hoto."

"Ni ce. Ni na sa shi."

Ya dube ta daga sama har ƙasa. Da alama ya shirya wa wani ƙato mai babbar riga ne, sai ga yarinya ramammiya, leɓe a bushe, tana dafe da bango. Ta faɗa masa yadda aka yi, ba ta rage ba. Bai ce ya yafe ba. Ya dai ce, "To, ki faɗa wa waɗanda suka gani, ba ni kaɗai ba."

Ta tambaye shi 'Yar'azumi. Ya ce ba ta cikin waɗanda suka zo nan. Wasu sun bi ta gabas zuwa wani tudun, ba a san su waye da waye ba.

Waje ɗaya ne tal waya ke kamawa a makarantar, gindin wata kuka a bayan aji na shida. Can Ummussalma ta tsaya, ta juyo kyamara ta kalli fuskarta, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara ukun nan. Sau biyu tana farawa tana gogewa. A na uku ta ce:

"Assalamu alaikum. Sunana Ummussalma Mala. Ni nake kula da wannan shafi. Hoton da kuka gani jiya, ba kutse aka yi mana ba. Ni na tsara shi tun Laraba ya fita da kansa, na kwanta ciwo ban cire ba. Laifina ne, ina neman afuwar mutanen Garin Kawu. Yanzu ina tare da su. Ga halin da suke ciki."

Ta juya kyamarar ta nuna azuzuwan, da ruwan, da matan da ke tankaɗe garin da ya jiƙe. Bidiyon ya ɗauki kusan rabin awa kafin ya hau. Tana tsaye tana riƙe da wayar sama, jiri na ɗibarta, sai wata mata mai suna Larai ta zo ta miƙa mata kofin kunu. "Sha, 'yar nan, kafin ki faɗi mana a nan mu rasa yadda za mu yi da ke."

Zagin bai tsaya nan take ba. Wasu suka ce an turo mace ne don a ji tausayi. Amma a cikin maganganun sai ga wani daga Legas yana tambaya ko an ga mahaifinsa, mai gyaran tarun kamun kifi. Ummussalma ta shiga aji-aji tana kiran sunan, ta same shi, ta ɗauke shi a bidiyo yana cewa yana nan lafiya. Kafin la'asar layi ya kafu a gindin kuka. Kowa yana so ya faɗi sunansa a gaban waya, ya ce wa ɗansa ko 'yarsa yana raye. Masu neman 'yan uwa su faɗi wanda suke nema. Wani ya ce saniyarsa ja mai karyayyen ƙaho, in an gani. Ta buɗe jeri a shafin: waɗanda ke makaranta, waɗanda ba a gani ba, abin da ake buƙata. Sunan 'Yar'azumi ta fara sawa a jerin waɗanda ba a gani ba.

Alhaji ya kira sau tara a ranar. Ba ta ɗauka ba.

Washegari wani ɗan kasuwa daga Kaugama, Alhaji Adam, ya aiko da buhunan gero da tabarmi. Matan wata islamiyya a garin Malam Madori suka haɗo gidajen sauro da zannuwa. Ummussalma tana ɗaukar hoton duk abin da ya iso, da hannun wanda ya karɓa, don kada a yi zargi. Tana kwana a ajin mata, a gefen tabarmar Larai. Suna kula da ita, suna zuba mata abinci, amma in hira ta yi hira, ta mutanen da ba ta sani ba ce da gonakin da ba ta taɓa takawa ba. Sai ta koma gefe tana amsa saƙonni.

Ranar Litinin da hantsi kwalekwale biyu suka iso daga tudun gabas. Tana cikin aji tana rubuta sunaye sai ta ji wata murya ta bayan taga:

"Ku bi ni a hankali mana! Gwiwar nan ba ta haya ba ce, tawa ce."

Biron ya faɗi daga hannunta. Ta fito da sauri. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, baƙa, zane ɗaya a jikinta, ana sauke ta a kan tabarma, tana riƙe da igiyar akuya gam. Ummussalma ta durƙusa a gabanta.

"Iya, sannu. Sannu da wuya."

"Yauwa, 'yar nan. 'Yar wa ce ke? Ban gane ki ba."

"Ba ki san ni ba, Iya. Ni ce nake karɓar saƙonki a lambar ƙungiya. Wannan ce mai cin tsumman?"

Tsohuwar ta ƙura mata ido. Ta dubi akuyar, ta sake dubanta.

"Ke kike ji? Ba Alhaji ba?"

"Ni ce. Duk na ji. Ba wanda ban saurara ba har ƙarshe."

'Yar'azumi ta ce, "Ni dai na san wannan 'mun ji, Allah ya yi albarka' ba ta mai ji ba ce. Kullum iri ɗaya, ko tari babu. Amma na ce ko ba komai ina faɗa wa wani abu." Ta gyara zama tana cije baki. "To ke, kina ji duk wannan lokaci, me ya hana ki ce mini uffan?"

Ummussalma ta buɗe baki za ta yi bayanin dokar ofis, sai ta ji maganar ba ta da nauyin da za a ɗora a gaban wannan tsohuwa. Ta sunkuyar da kai.

"Ranar Alhamis na kira ku," in ji 'Yar'azumi. Ba da faɗa ta faɗa ba.

"Ina kwance, Iya. Sai Asabar na ji."

"Wa ke jinyarki?"

"Ba kowa."

Tsohuwar ta kama hannunta, ta juya shi, ta taɓa goshinta da bayan hannu. "Har yanzu da saura. Ku ba ta wuri ta zauna mana."

Suka yini tare. Wayar 'Yar'azumi ta faɗa ruwa tun ranar farko, shinkafarta ta tafi, kifin da ta yi wa banda na kasuwa biyu ya tafi. Ta ba da labarin kwana huɗun da suka yi a tudun gabas suna cin ɗanyar gyaɗa, ta bi ta kan kowa da abin da ya ce, ba ta tsallake komai ba. Wannan karon Ummussalma tana amsawa, tana tambaya, har tsohuwar ta ce, "Ashe ma kina da surutu."

Ɗanta da ke Birniwa ya ga sunanta a shafin, ya iso washegari. Ya ce ba za ta koma Garin Kawu ba, ɗaki na nan ya gyara mata. Ummussalma ta rako su har bakin ruwa, ta rubuta lambarta ta kanta a takarda ta ba ɗan. Ya sa a aljihu yana kallon wani wajen, ya ce in an saya mata waya za a kira. 'Yar'azumi ta yi ta sa mata albarka har aka tura kwalekwalen, sannan hankalinta ya koma kan akuyar da ke neman tsalle cikin ruwa. Ummussalma ta tsaya har kacala ta rufe su.

Ranar Alhamis ta koma ofis. Alhaji Ja'afaru ya dawo, yana zaune, Khalid na gefensa. Mabiyan shafin sun kai dubu ashirin da biyu, har wani gidan rediyo ya kira shi yana yaba wa ƙungiya. Bai ɗaga murya ba.

"Abin ya zo da sauƙi, Allah ya rufa asiri. Amma kin saɓa mini a gaban duniya. Ba zan kore ki ba. Daga yau kalmar sirrin shafi tana hannun Khalid. Ki rubuta, ya duba, ya ɗora. Fita ƙauye kuma sai da izinina."

"To, ranka ya daɗe."

"Gobe za mu kai gidajen sauro. Ki rubuta mini abin da zan faɗa."

Ta zauna ta rubuta masa, ta karanta ta ga ya yi, ta miƙa wa Khalid. Da aka tashi ta sauko ta tari Keke Napep. Sun ɗan yi tafiya direban ya dube ta ta madubi, ya sake dubawa.

"Hajiya, ba ke ce ta bidiyon Garin Kawu ba?"

"Ni ce."

"Allahu akbar. Ƙanwar matata a jerinki muka gan ta. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Yaya take yanzu? Tana ina?"

Kafin ya amsa wasu maza biyu suka ɗaga hannu a bakin hanya. Ya tsaya suka shiga, suna gardamar wasan ƙwallon jiya, shi ma ya tsoma baki. Ta matsa gefe ta ba su wuri. A bakin layinsu ta ce a sauke ta, ta sayi burodi da ganyen shayi a shagon kwana, ta shiga gida hadari na haɗuwa ta gabas.